Sadakar Baƙo da Farillar Ɗan Gida: Matsayin Tallafin Magani na Ƙasashen Waje a Gabashin Sakkwato

Garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo suna zaune ne a gabas da arewa maso gabashin birnin Sakkwato, a ƙasar da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka shimfiɗa wa fadama mai albarka, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa rani da damina, sai dai ruwan da yake ciyar da jama'ar yankin shi ne kuma yake renon sauron da ke kawo zazzaɓi da dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma ambaliyar da ta auku a daminar 2010 ta nuna yadda ni'ima take juyewa ta zama musiba cikin 'yan kwanaki. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku yana da babban asibitin gwamnatin jiha, da ƙananan asibitoci a gundumomi, abin da ya fi ƙarfinsu kuwa sai a tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke Sakkwato. A irin waɗannan asibitoci ne tallafin ƙasashen waje yake sauka, wani lokaci a matsayin kaya, wato magunguna da na'urori da gadaje, wani lokaci kuma a matsayin mutane, wato ayarin likitoci 'yan sa-kai da suke zuwa su yi mako ɗaya ko biyu suna aiki kyauta sannan su koma. Tambayar da wannan al'amari yake jefowa ga mai nazarin addini ita ce ko sadakar da baƙo ya kawo tana sauke wa ɗan gida farillar da ke wuyansa, da kuma irin haƙƙin da yake hawa kan mai bayarwa da mai karɓa kafin kyautar ta cancanci sunan magani.

Malaman fiƙihu sun kasa farilla gida biyu: akwai farillar aini, wadda take kan kowane baligi shi kaɗai kamar salla da azumi, akwai kuma farillar kifaya, wadda take kan al'umma baki ɗaya, idan wasu suka tsaya da ita gwargwadon buƙata ta sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi kowa ya yi laifi. Imam Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Din, ya sanya ilmin likitanci cikin wannan kashi na biyu, har ya yi kukan cewa a zamaninsa akwai garuruwan Musulmi da yawa da babu likita a cikinsu sai waɗanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai suna ta turereniya a kan ilmin jayayya da fatawa saboda a nan muƙami da dukiya suke. Malaman usulu, wato masu nazarin tushen hukunci, sun ƙara da cewa abin da shari'a take nufi a farillar kifaya shi ne aikin ya samu, ba tare da duban wanda ya yi shi ba. Wanda ya ɗauki wannan ƙa'ida a gurguje zai iya cewa an gama magana: tunda likitan da ya zo daga Jamus ko Saudiyya ya cire yanar ido ga tsofaffin Wurno, aiki ya samu, nauyi ya sauka. Wannan fahimta ce take buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da daɗi ga mai mulki, tana da daɗi ga mai bayarwa, kuma wanda take cutarwa ba ya cikin majalisar da ake yanke ta.

Batun halaccin karɓar magani ko kyauta daga wanda ba Musulmi ba bai da wata wahala, ko da yake shi ne yake cinye mafi yawan lokacin muhawara. An rawaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya nemi magani wajen Harisu ɗan Kalada, likitan ƙabilar Saƙifa, kuma ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuwa ta buɗe ƙofar kyautatawa tsakanin Musulmi da waɗanda ba su yaƙe su ba. Mutanen wannan yanki ma ba su buƙatar zuwa nesa neman hujja, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a cikinta har ya rasu a 1837 aka binne shi a can, shi kansa ya nemi taimakon likita daga Turai. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila akwai jakada da likita waɗanda za su zo su zauna. Ayarin da ya dawo a 1825 ya taho da likitoci, amma babu ko ɗaya da ya iso, cuta da hanya sun cinye su, shi kansa Clapperton a Sakkwato ya mutu a watan Afrilu na 1827.

Abin da ya kamata a lura da shi a wannan buƙata shi ne mazauni Bello ya nema, kuma ya neme shi ne a matsayin ƙari a kan abin da shi kansa yake ginawa. Ya rubuta littattafai a kan magani, ciki har da wanda ya keɓe wa ciwon ido da wanda ya keɓe wa basir, cututtuka biyu da har yau suke cika layin asibitocin yankin. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji a kan tushen mulki, ya lissafa masu magani tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa a matsayin masu sana'ar da jama'a ba ta wadatuwa ga barinsu, ya kuma ɗora wa shugaba nauyin renon su da rarraba su ga kowane gari da ƙauye. A wannan mahanga likita yana cikin kayan zaman gari kamar yadda maƙeri yake, kuma garin da sai sau ɗaya a shekara maƙeri yake ratsa shi ba za a ce yana da maƙera ba, ko da kuwa baƙon ya fi kowa iya ƙira.

Duk da wannan halacci, ɗari-ɗarin da jama'a suke yi da maganin baƙo yana da tarihinsa, kuma wanda ya kira shi jahilci bai karanta tarihin ba. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e sun miƙa wa 'yan mishan na SIM ragamar zangunan kutare na Amanawa kusa da Sakkwato da Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, inda aka yi jinya ta gaskiya da ba a samun irinta a wani wuri, amma wa'azi ya tafi tare da allura, har mutane suka koyi tambayar abin da ke bayan kyauta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a harabar da ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar masu cutar kyauta. Yara 11 sun mutu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wannan rauni yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003, wanda Kano ba ta janye ba sai a Yulin 2004 bayan an samo allurar daga Indonesiya, kuma amana ba ta dawo sosai ba sai da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka ɗauki aikin a matsayin nasu daga 2009. Abin da labarin Kano yake nunawa shi ne idan ƙungiyoyi biyu suka shiga asibiti ɗaya babu wata hukumar gida mai ƙarfi da take tantance su, uwar da ta sungumo ɗanta ba ta da hanyar rarrabe mai jinya da mai gwaji.

Komawa ga ainihin tambayar, amsarta tana cikin bambancin da ke tsakanin cututtuka. Akwai ciwon da yake jira, kamar yanar ido da gwaiwa da ƙaba da tsagewar leɓe da ake haihuwar yaro da ita, waɗanda mai su zai iya ɗaukar wata shida ko shekara kafin wuƙa ta same shi, kuma aiki ɗaya mai kyau yakan raba shi da su har abada. Akwai kuma ciwon da ba ya jira, kamar doguwar naƙuda da zubar jini bayan haihuwa da jijjigar masu ciki da zazzaɓin da ya hau kan yaro da saran maciji a gona da amai da gudawa, waɗanda sa'o'i ne tsakanin mai su da kabari. Ayarin baƙi yana iya wadatarwa a kashi na farko, har ma ya yi abin da ba a taɓa yi ba a garin, kuma a iyakar wannan aikin nauyi ya sauka da gaske, ladan kuma yana ga Allah. A kashi na biyu kuwa babu abin da zai wadatar sai ungozoma da ke kwana a asibiti, da jini a firijin da wuta ba ta ɗauke masa ba, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tankinta, da likitan da zai iya fiɗa ya ciro jariri da ƙarfe biyun dare. Tunda sharaɗin saukar farillar shi ne wadatuwa, kuma wadatuwar mako ɗaya ba ta rufe buƙatar shekara, to farillar tana nan daram a kan al'umma da shugabanninta tun daga ranar da motocin baƙi suka juya.

Makon aikin ma yana da tsadar da ba a cika lissafawa ba. Tun kafin asuba jama'a suke cika ƙofar asibiti, tsofaffi da 'yan jagoransu, mata da goyo, wasu sun kwana a hanya daga ƙauyukan da sanarwar rediyo ko ta mai shela ta kai musu, a raba kati ɗari biyu ko uku ga mutum dubu, sauran su koma da kuɗin motar da suka ranto. Ɗakin tiyata guda ɗaya da asibitin yake da shi ya koma hannun baƙi, ma'aikatan jinya da aka ciro daga ɗakunan kwanciya su zama tafintoci da masu riƙe layi, janareta ta sha man da aka tanada na wata guda, macen da naƙuda ta tsaya mata a wannan makon kuwa wataƙila a ce a wuce da ita Sakkwato domin babu gado. Babu wanda ya yi nufin sharri a cikin wannan duka, amma ƙa'idar shari'a da ta hana cuta da cutarwa ba ta tambayar nufi, sakamako take dubawa, kuma wanda zai iya hango wannan cutarwa ya tsara aikin yadda za a kauce mata shi ne shugaban asibitin da ya san kwanakin da haihuwa take yawa da watannin da zazzaɓi yake tashi, in har an tambaye shi kafin a sa rana.

A fannin kaya ne rauni ya fi bayyana ga hujjar da ake kafawa da kyakkyawar niyya. Hadisin da ya rataya ayyuka ga niyya yana magana ne a kan lada tsakanin bawa da Ubangijinsa, bai ce niyya tana gyara abin da ya lalace ba, kuma aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abin da yake da shi ya ba da shi sadaka, irin wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Wanda ya leƙa siton magani na asibitin karkara bayan saukar kwantena zai iya ganin fassarar wannan aya a aikace: kwalaye da rubutun Jamusanci ko Faransanci da mai ba da magani ba ya iya karantawa, ƙwayoyin da saura wata biyu wa'adinsu ya cika bayan sun yi watanni a tashar jiragen ruwa ta Legas ana cacar baki a kan kuɗin fito, maganin cututtukan tsofaffin Turai a garin da yara ke mutuwa da zazzaɓi, da na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 110 alhali ta Najeriya 230 ce, babu littafin bayani, babu kayan gyara, babu wanda aka koya wa kunna ta, ta zama wurin ajiye fayil. Matsalar ba ta wannan ƙasa ba ce kaɗai. Binciken da aka yi a kan yaƙin Bosniya ya nuna cewa daga cikin tan 27,800 zuwa 34,800 na magunguna da kayan asibiti da aka aika tsakanin 1992 da 1996, rabi ko fiye ba su dace da buƙata ba, har tan 17,000 suka zama shara mai guba da sai an kashe kuɗi kafin a ƙone ta.

Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyin agaji suka fitar da ƙa'idojin kyautar magani a 1996, aka sake duba su a 1999 da 2010, kuma mai karatun fiƙihu zai ga ginshiƙansu ba baƙi ba ne a wurinsa: kyauta ta zama mai amfani ga wanda aka ba, a girmama buƙatarsa da ikonsa, abin da bai cancanci a sha a ƙasar mai bayarwa ba kada a aika shi wata ƙasa, kuma a yi magana tsakanin ɓangarorin biyu kafin a ɗaure kaya. Sun kuma nemi magani ya kasance da sauran aƙalla shekara guda na wa'adi a ranar da ya iso. Abin da ya fi wuya a nan al'ada ce, domin Bahaushe ya tashi da tarbiyyar cewa ba a raina kyauta kuma ba a mayar da hannun alheri baya, shi ya sa shugaban asibiti yake jin nauyin ya ce ba ya so. Amma shi wakili ne, ba mai kyautar ba, kuma wakili ba ya da ikon yin kara da haƙƙin wanda ya wakilta. Kunyar da za ta sa ya karɓi maganin da zai cutar da majinyaci ko ya cinye wurin ajiya ta fita daga kunyar da addini ya yaba.

Akwai kuma batun lamuni, wato wanda zai ɗauki alhakin ɓarna idan ta auku. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka rawaito ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ba, kuma bai keɓe wanda ya yi kyauta ba. Wannan yana taɓa wata ɗabi'a da aka sani a ayarin sa-kai a ƙasashe da dama, inda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci yake yin aikin da dokar ƙasarsa ba za ta bar shi ya kusanta ba, bisa zaton cewa talaka ba ya da zaɓi. Dokar Najeriya ta wajabta wa likitan waje ya sami rajistar wucin gadi daga majalisar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori kafin ya taɓa majinyaci, kamar yadda magani yake buƙatar izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, kuma waɗannan takardu da ake ɗauka ɓata lokaci ne su ne suke ba wa lamunin da hadisin ya ambata adireshi. Aikin ido misali ba ya ƙarewa a kan tebur, ana buƙatar duba shi washegari da bayan mako da bayan wasu makonni, da ɗigon magani a kan lokaci, kuma idan ƙwayar cuta ta shiga idon da aka yi wa aiki, kwana ɗaya ko biyu sun isa ya tafi gaba ɗaya. Likitan da ya yanka ya hau jirgi bai bar suna da bayanin kowane majinyaci a hannun wanda zai ci gaba da dubawa ba, ya bar aikinsa a rabi.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, tana da ƙa'idoji biyu da suke haskaka wannan wuri. Ta farko ita ce wasu ibadun nafila, kamar salla da azumi da aikin hajji, suna zama wajibi a kammala su da zarar an shiga, ko da yake asalin hukuncin na ibada ne, kai shi ga jinya ƙiyasi ne kawai. Ta biyu ta fi kusa, ita ce fitaccen ra'ayin mazhabar cewa alkawarin alheri yana zama dole a kan mai shi idan wanda aka yi wa ya shiga wani hali saboda dogaro da alkawarin, mas'alar da malami Haɗɗabi ya keɓe wa littafi sukutum a kan ɗaukar wa kai nauyi. Mai hawan jini ko ciwon suga da aka ɗora a kan magani na wata uku, da yaron da aka fara ba abincin tamowa, da ma'aikatar lafiyar da ta janye kasafinta daga wani asibiti saboda wata ƙungiya ta karɓe shi, duk sun shiga hali saboda alkawari. Goronyo ta ga irin wannan, domin MSF ta yi shekaru tana kula da lafiyar mata da yara a can kafin ta rufe shirin, kuma dakatar da tallafin waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya nuna yadda hukuncin da aka sa wa hannu a wata nahiya yake iya girgiza sito a wata. Rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin, tun daga harin Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah a Yulin 2018 zuwa kisan mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, domin ayarin baƙi ya fi tsayawa a birni yanzu, wanda ya fi buƙata kuwa shi ne ya fi nisa da su. Ba a zargin ɗan sa-kai don ya tsira da ransa, amma ana bin ƙungiyarsa bashin sanarwa da wuri da miƙa aiki a tsanake.

Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma gorin wannan zamani yana da kyamara. Ƙungiyoyi suna da uzurin cewa masu ba su kuɗi suna son shaida, uzuri ne na gaskiya, amma hoton fuskar yaron da cuta ta cinye ko na matar da take yoyon fitsari, wanda aka ɗauka a lokacin da ba ta da bakin cewa a'a, aka baza shi a Facebook, farashi ne da aka karɓa daga mutuncinta, kuma abin da aka karɓi farashinsa ya rage zama kyauta. Ɗan siyasar da yake liƙa hotonsa a ƙofar asibitin gwamnati a ranar aikin kyauta lamarinsa ya fi muni, domin yana yin gori ne da abin da asalinsa haƙƙin mutanen ne. Likitocin Najeriya mazauna Amurka da Ingila da Saudiyya da suke dawowa da ayari kuwa matsayinsu dabam ne, tunda da yawansu a jami'o'in gwamnati irin na Zariya da Sakkwato suka yi karatu da dukiyar jama'a, don haka makon da suke bayarwa ya fi kama da rage bashi da sada zumunci, kuma su ne suka fi cancantar a nemi abin da ya wuce mako daga gare su, kamar horar da na baya da amsa tambayar ƙaramin likita ta waya a tsakiyar dare.

Misalan da suka yi albarka a arewacin Najeriya suna da siffa ɗaya. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, cutar da take cinye kunci da leɓe da hanci ga ƙananan yara masu tamowa, kuma take kashe mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba, an buɗe shi a 1999 da taimakon ƙungiyoyi daga Jamus da Holan da Ingila, MSF kuma ta shigo a 2014. Ƙwararrun masu gyaran fuska suna zuwa lokaci-lokaci su tafi, amma suna sauka ne a gidan da yake da ma'aikata na dindindin, waɗanda suke nemo yaran daga ƙauyuka, su ciyar da su har jikinsu ya iya ɗaukar tiyata, su ci gaba da motsa musu muƙamuƙi watanni bayan an ɗinke, kuma daga irin wannan aiki ne Najeriya ta sami ƙarfin jagorantar kiran da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Haka nan likitan Holan Kees Waaldijk, wanda ya zauna a Babbar Ruga tun farkon shekarun 1980 ya yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari, babban abin da ya bari shi ne likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da ya koya wa aikin. Ko a nan ma sai a tuna cewa noma cutar yunwa ce da ƙyanda, yoyon fitsari kuma ɗan doguwar naƙuda ne, wato wuƙar baƙo tana gyara ƙarshen abin da sakacin gida ya fara.

Saboda haka tsara tallafin shi kansa wani yanki ne na farillar, bisa ƙa'idar usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma yana kan ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kula da asibitoci kafin kowa: su rubuta abin da asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo suke buƙata tun kafin a tambaye su, su hana ayari biyu yin aikin ido a gari ɗaya alhali wani gari bai ga kowa ba, su riƙe rajistar duk wanda aka yi wa aiki. Gwamnatocin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kasafin tarayyar Najeriya kuwa bai taɓa kaiwa nan ba, dokar lafiya ta 2014 kuma ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko. Attajiran yankin ma suna da ƙofar da fiƙihu ya buɗe musu. Zakka tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, don haka mafi yawan malamai ba su yarda a gina asibiti ko a sayi man janareta da ita ba, ko da yake ana iya biya wa matalauci kuɗin jinya daga cikinta. Waƙafi kuwa, wato tsare asalin dukiya a bar amfaninta yana gudana, shi ne ya riƙe asibitin Nuri na Dimashƙa da aka gina a 1154 da asibitin Mansuri na Alƙahira na 1284 tsawon ƙarnoni, kuma Malikiyya sun halatta shi a kan kayan da ake ɗagawa, har ma na ƙayyadadden lokaci. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi da doka ta kafa, wadda za ta iya karɓar gonar fadama ko shago a kasuwar Goronyo a kan sharaɗin cewa kuɗin hayarsa na man motar asibiti ne, ko na albashin mai gyaran na'urori, ko na batiran sola da ke riƙe da firijin jini.